Ladi Kwali Ba Ta Da Kwali

In da sauran mai ajiye naira ashirin a aljihu, ya ciro ta ya juya. A gaba Janar Murtala Muhammed ne, wanda gwamnatinsa ta yi dokar 1976 da ta yanki ƙasar da ta zama babban birnin tarayya. A baya wata mata ce ta duƙa kan ƙatuwar tukunya, Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, cikin mutanen da dokar ta tarar a wurin. Kwali sunan garinsu ne. Ɗaya kwalin, wanda muke sayar da gona don yaro ya samo, bai shiga hannunta ba sai 1977, da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. A lokacin ta haura shekara hamsin, tukwanenta sun daɗe da ƙetare teku, kuma ba ta yi karatun boko ba.

Abin da ya tuna mini da ita wata tafiya ce da muka yi Ushafa ni da wani abokina malamin sakandare, mutumin da in bai yi gardama ba abinci ba ya faɗa masa. Ushafa na cikin ƙaramar hukumar Bwari, a gindin duwatsu, kusa da madatsar ruwan Usuma da ke shayar da Abuja. An san garin da tukwane tun kafin a san shi da wani abu. Akwai cibiyar ginin tukwane da aka kafa ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, nan kuma aka kawo Shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta na 2000, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Har yau akwai masu kiran wurin ƙauyen Clinton.

Mun tsaya wajen wata dattijuwa tana gina randa a bayan gidanta. Wanda bai taɓa gani ba yakan ɗauka tukunyar ce ke juyawa. A nan tukunya na zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje, tana jan yumɓu sama, tana ɗora masa wani murɗaɗɗe tana shafewa. Ba awo ba ma'auni, amma bakin randar ya fito zagayayye kamar wata daren sha huɗu. Ta ɗauko wani guntun igiya kitsattse ta mirgina a kafaɗar randar, sai ga ado layi-layi. Gefe guda jikarta, budurwar da ba za ta wuce sha takwas ba, tana zana hawainiya a jikin wani tulu da bakin 'yar wuƙa, kuma hawainiyar kamar ta ɗaga ƙafa ta taka. Na tambaya ko tana makaranta. Kakar ce ta amsa, ba ta ko ɗago ba: "Ta gama sakandare, ɗana. Sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga jami'a, maki bai kai ba." Hedikwatar JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar, na nan Bwari, tafiyar 'yan mintoci a mota. Ba laifin hukumar nake gani ba, abin da aka ce ta auna shi take aunawa. Sai dai hawainiyar nan ba ta cikin abin da ake aunawa.

A mota na ce wa abokina da ni ke da iko, da na keɓe wa irin wannan yarinya gurbi da tallafi a sashen zane da ƙira na jami'a, kamar yadda ake fafutukar yi wa ɗalibai baƙar fata a Amurka da Ingila. Ya ce, "Malam, ka fara ke nan. Ka kwaso rigimar wasu ka kawo mana. A nan wane ne fari?" Daga nan har Dutsen Alhaji bakinmu bai huta ba, kuma har yau maganar ba ta ƙare ba.

Rigimar wasun da yake nufi tana da tushe. A 1923 wata matashiya mai sassaƙa, Augusta Savage, ta nemi shiga makarantar fasaha ta bazara a Fontainebleau ta ƙasar Faransa, kwamitin Amurkawan da ke zaɓen ɗalibai ya hana ta don baƙar fata ce. Shekara sittin da huɗu bayan haka, a 1987, Cheryl Miller ta rubuta maƙala a mujallar Print tana cigiyar baƙaƙen fata a sana'ar tsara zane. A 2019 ƙidayar da ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka, AIGA, ta gudanar ta nuna kashi 3 cikin 100 ne kacal baƙar fata, a ƙasar da suka kai wajen kashi 13 na jama'a. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Makarantun fasaha na da tsada. Kafin a ɗauki ɗalibi sai ya nuna tarin ayyukan da ya riga ya yi, abin da ke buƙatar malami da kayan aiki tun daga sakandare. In ya gama kuma, aiki ta hannun wa-ka-sani yake zuwa, ko ta zaman koyon aiki na ba albashi, wanda ɗan talaka ba zai iya jurewa ba. Shi ya sa tallafin can bai tsaya kan kuɗin makaranta ba, ya haɗa da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu jan hannun na baya. D'Wayne Edwards, wanda ya yi suna wajen tsara takalma a kamfanin Nike, har wata tsohuwar kwalejin baƙar fata ya farfaɗo da ita a Detroit a 2022, ta koma makarantar koyon tsara kaya. Can ɗin ma baki bai zo ɗaya ba. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ba da gurbi.

Hujjar abokina ta farko ita ce mafi nauyi, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Ya ce duk tsarin da aka gina kan launin fata, in ya sauka Najeriya rikiɗa yake ya zama ƙabila, ƙabila kuma ta zama takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mun san yadda ake samun takardar nan, mun kuma san 'ya'yan wa ke fara samu. Ka keɓe gurbi goma don 'ya'yan magina tukwane, ka dawo bayan shekara uku ka ga masu zama kan kujerun: ɗan kansila, 'yar darakta, yaran da yumɓu bai taɓa ɓata musu farce ba. Sannan Ushafar yau ba ta zamanin Clinton ba ce. Tsadar haya a cikin birni ta koro ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, gari ya cika ya batse. Yaron da aka haifa a nan, ubansa ɗan Katsina mai tura kurar ruwa, ko uwarsa 'yar Inugu mai tuyar ƙosai, in hannunsa ya iya zane, da wane baki za ka ce masa ba ya cikin lissafi? Ƙasar da rigimar ɗan gari da baƙo ta ci rayuka a Zangon Kataf da Jos, in ji shi, ba ta buƙatar sabon layin raba mutane, ko da na alheri ne.

Na yarda da rabin wannan. Inda muka rabu shi ne tambayarsa ta farko, wai a nan wane ne fari. Raini ba ya jiran launi. Mu Hausawa Gwari muke kiran mutanen nan, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma daga sunan da muka laƙaba musu muka ƙera kalmar gwaranci ga duk maganar da ba ta fita daidai ba. A cikin gidanmu ma, wa bai san irin kallon da ake yi ba in ɗan mahauta ko ɗan majema ya je neman aure wasu gidajen? Sana'ar gado tana ciyar da mai ita, tana kuma bin sa da tambari. Yarinyar nan mace ce, 'yar ƙauye, 'yar ƙabilar da birni ya zo ya zauna kan gonakinta, jikar masu aikin ƙasa da hayaƙi. Wannan katanga ce, ko da ba a rubuta komai a jikinta ba.

Sannan laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Jami'o'in tarayya sun daɗe suna raba gurbi gida uku: kashi 45 bisa cancanta zalla, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka ce an bar su baya a karatun boko. Akasarin jihohin nan namu ne na Arewa. In ɗan Kudu ya ce wannan zalunci ne, mu ke miƙewa mu ba shi tarihi, mu ce makarantun mishan sun riga mu isa can da shekaru masu yawa, ba za a tashi tsere daga wuri daban-daban a ce an yi adalci ba. Wanda ya ci wannan tuwon bai kamata ya ce bai san miyar ba in aka zo kan jikar maginiya.

Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya. Ya ce ai shi ya sa ya san illar abin. Shekara nawa ana wannan rabo? Almajiri nawa ya shiga jami'a ta wannan ƙofa? Ɗan wa ya shiga? Na yi shiru, don ban da amsa a lokacin.

Hujjarsa ta biyu ta ciki ce. Gidan da zai iya kai yaro ɗaya tal gaba da sakandare, me zai kai shi karatun zane? Roba da alminiyam sun karya kasuwar tukunya, firji da ruwan leda sun karya ta randa, farantan tangaran kuwa jirgin ruwa ke kawo su daga Sin a farashin da mai tanderu ɗaya ba zai iya gogayya da shi ba. Ya ba ni labarin wani tsohon ɗalibinsa da ya karanci aikin tangaran shekara huɗu a wata makaranta. Tanderun sashen ya lalace yana aji biyu, ba a gyara ba har ya fita, ya karɓi kwalinsa bai gasa abin da ya kai kofi ashirin ba. Yanzu katin biki da fostar 'yan siyasa yake bugawa a wani shago. Tallafin da zai kai yarinya ga wannan ƙarshe, a cewarsa, yaudara ce mai hatimi. A ba ta gurbin aikin jinya ko unguwarzoma ta sami albashi, ta yi wa kakarta ɗakin kwano, in tana so ta gina tukunya ranar Asabar. Ya ƙara da cewa iyaye da yawa a ƙasar Hausa ko kyauta aka ba su ba za su bar ɗansu ya shiga sashen da suke zaton mutum-mutumi kawai ake sassaƙawa a ciki ba.

A nan ina ganin ya ƙuntata sana'ar. Tayil ɗin da ke ƙasan masallacin unguwarku, kwanon wanke hannu, tukunyar tace ruwa, murhun da ke rage cin itace, farin abin nan da ke riƙe wayar lantarki a kan turke, duk aikin ƙasa da wuta ne, kuma farar ƙasar da ake yin irinsu da ita tana nan jibge a wurare kamar Ƙanƙara ta jihar Katsina. Zanen atamfa, bangon littafi, tambarin kamfani, kwalin da ake zuba kilishi a kai shi kanti, dandalin da ake ɗaukar fim, duk wani ne ya zauna ya tsara, in ba namu ba ne to na wasu ne, kuma mu ke biya. Mai tsoron zanen abu mai rai ya dubi zayyanar Alƙur'ani, da aska takwas a gaban riga, da adon da magina ke yi a fuskar soro. Wannan ma ƙira ce, mun gaje ta, ba mu dai kai ta aji ba. Amma labarin yaron da tanderu ya mutu a gabansa ban iya ture shi ba. Abin da ya nuna mini shi ne ƙofar shiga ita ce ƙaramar matsala.

Hujja ta uku ba daga bakin abokina ta fito ba. Daga tarihin Ladi Kwali kanta na tsinto ta, kuma ta fi sauran ci mini rai. Michael Cardew, wani maginin tangaran ɗan Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya ga tukwanenta a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A farkon shekarun 1950 ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Nan ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Kafin Cardew ya bar aikin a 1965 wasu mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa. A wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari suke gina manyan randuna da hannu, yadda suka gani a gida, su ƙawata su da kunama da kada da ƙadangare da kifi, sannan a shafe su da ƙyalli a gasa irin na Turawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo. Ruwa na ratsa ƙananan kafofin jikinta, iska ta busar da shi, zafi ya bi iska. In aka shafe ta da ƙyalli aka gasa ta da wuta mai tsanani sai ta koma kamar dutse, ta yi nauyi, ta daina numfashi. Randunan cibiyar sun yi kyau a falo da gidan tarihi, amma sun bar aikin da aka san randa da shi, kuma masu sayensu galibi Turawa ne da manyan mutane. Mai adawa da tallafin zai ce haka makaranta ke yi wa mutum ma. Ta ɗauke yarinya daga gindin kakarta ta shafe ta da ƙyalli, ta dawo tana kiran aikin tsohuwar "na gargajiya", nata kuma "fasaha", ba ta iya zama a rana kusa da wutar gashi, ba ta kuma sami gurbi a birni ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na daɗe ina juya wannan, kuma ga inda na tsaya. Mata nawa ne a ƙasar Gbagyi suka yi gwanintar da ta kusa ta Ladi, suka mutu ba wanda ya san sunansu bayan kasuwar ƙauyensu? Abin da cibiyar ta ƙara mata, ban da ƙyalli, shi ne hatimi mai harafi biyu a gindin tukunya. Da wannan hatimin aka baje kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, da shi ta zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a, da shi ta sami lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, shekara huɗu kafin rasuwarta a Minna. Kuma ilimin ba hanya ɗaya ya bi ba. A 1974 wata ɗaliba haifaffiyar Kenya, Magdalene Odundo, ta taso daga Ingila ta zo cibiyar ta koyi ginin hannu wajen Ladi da abokan aikinta. A 2018 wannan ɗaliba ta zama uwar wata jami'ar fasaha a Ingila. A 2022 aka yi baje koli a Landan kan baƙaƙen mata da aikin yumɓu, Ladi ce ginshiƙinsa. Tukwanenta a yau dubban fam ake saye a gwanjon Turai.

Ke nan hannun matan nan ya isa ya koyar da wadda za ta shugabanci jami'a a wata ƙasa, amma bai isa ya buɗe wa jikokinsu ƙofar aji a tasu ba. Muddin haka abin yake, mai rubuta tarihin tukunyar, da mai baje ta, da mai sa mata farashi, da mai koyar da ita a jami'a, kullum wani ne daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ba dole ba ne makaranta ta goge abin da ɗalibi ya zo da shi. A 1958 a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ƙi yarda a koya musu zane kamar a Landan aka haife su. Suka ce za su ɗauki dabarar Bature su haɗa da abin da suka gada. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Wanda ya zo aji da abin gidansu a hannu ya fi wuyar shafewa.

Saboda haka ina tare da masu cewa a tallafa, amma abokina ya tilasta mini sauya yadda nake nufi. Kada a tambayi takardar asali. A ajiye curin yumɓu a gaban mai nema, ko fata da wuƙa, ko zare da allura, ko takarda da fensir, a ba shi yini guda, malamai da tsofaffin masu sana'a su zauna su duba. Ɗan kansila na iya sayen takarda, ba zai iya sayen hannu ba. Ta wannan ƙofa ɗan mai kurar ruwa zai iya shiga, 'yar marinan Ƙofar Mata ma haka, jikar dattijuwar nan kuwa za ta shiga ne da abin da ta fi kowa, ba da alfarma ba, don haka ba mai yi mata gorin kujerar sadaka. Ba sabon abu za a ƙago daga sama ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Wanda kuma Turancinsa ko lissafinsa ya gaza, tun da haɗa ruwan ƙyalli sai da ɗan ilimin sinadarai, ai an san shekarar sharar fage, Jami'ar Ahmadu Bello na da makarantar hakan a Funtuwa.

Kaso mafi tsoka na kuɗin kuwa, in ni ne mai rabo, bayan ƙofa zan kai shi. Bashin karatun da aka yi wa doka a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na kashewa. Ba ya sayen fenti ko iskar gas ko kwamfutar da mai tsara zane ba ya aiki sai da ita, kuma bashi ne, ga mai sana'ar da cinikinta yau akwai gobe babu. Ranar da ɗalibin tangaran ya fita makaranta, ranar ya rabu da tanderu. Likita na da asibitin da zai je, lauya na da ofishin wani babba da zai raɓa, shi kuwa kayan aikinsa sun fi ƙarfin aljihunsa. A nan ne tsofaffin ɗalibai ke da aiki. Mai zane Kehinde Wiley ya buɗe gidan saukar masu fasaha a Dakar a 2019, Yinka Shonibare ya buɗe nasa a Legas a 2022, kowannensu ya yi suna a waje ya waiwayo. Zariya tun shekarun 1950 take yaye masu zane da ƙira. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibanmu, Allah ya ba su haƙuri, mun fi ƙwarewa a liyafar shekara da buga kalanda da yi wa ƙofar makaranta fenti. Kuɗin liyafa biyu ko uku za su iya riƙe tanderu ɗaya mai aiki, da gas ɗinsa da mai gyaransa, a gari irin Ushafa, wanda sabon mai digiri da tsohuwar maginiya za su yi layi a kai tare. Tsohuwar kuma a biya ta kuɗin koyarwa, a rubuta sunanta a jadawalin darasi. Ɗalibai sun daɗe suna zuwa irin waɗannan garuruwa da littafin rubutu da kyamara, su kwashi abin da za su kwasa su rubuta kundi, a ba su maki, ita a ba ta na goro.

Abokina bai sallama ba. Ya ce duk na ji, amma wa zai sayi kayan? Tanderu ba ya haifar da kasuwa. In otal-otal da ofisoshin Abuja sun fi son farantin Sin mai araha, ka tara masu digiri ɗari a gindin dutse su yi ta gasa abin da ba mai ɗauka. Na ce masa mai tsara kaya na ƙwarai aikinsa ke nan, ya gano abin da mutane za su saya. Ya ce wannan fata ne, ba hujja ba. Ina jin a nan ya fi ni gaskiya, ko aƙalla ba ni da abin da zan nuna masa ya gani da ido.

Bayan sallah na koma Ushafa ni kaɗai, don randar da na bari a gasa mini. Ta fito ja da baƙi-baƙin hayaƙi a gefe ɗaya, in ka ƙwanƙwasa ta tana amsawa. Jikar na nan, wannan karon kifi take zanawa. Na tambaye ta ko za ta sake rubuta jarrabawar. Ta ce eh, karo na uku, kuma aikin jinya za ta cike. Na ce, "Zanen fa?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Baba, wannan ai aikin gida ne."

Na biya kuɗin randar, canji bai samu ba. Dattijuwar ta laluba cikin kayan da ke shanye ta miƙo mini ɗan asusu, ta ce in riƙe a madadin canjin, yarinyar ce ta gina. Akwai hawainiya a jikinsa, ta naɗe jela a bakin 'yar tsagar da ake jefa kuɗi. A mota na juya gindinsa na duba. Ba suna, ba hatimi, sai sawun yatsa guda da ya nutse a yumɓun tun yana ɗanye.